Shekarar da Sunan Malam Ya Shiga Kasuwa

Idan mutum ya rasu, wa ake aikawa ya gaya wa na'ura cewa ya rasu? Na tambayi liman, ya ce Allah ne masani. Na tambayi mai shagon kwamfuta, ya sosa ƙeya. Damina uku ke nan da aka kai mahaifinku makwancinsa, amma wayarsa da na hana a kashe har yanzu takan yi ƙara a ƙarƙashin matashina. In na miƙa a karanta mini, sai a ce wai wani kamfani ne ke neman gogaggen mai aikin ruwa, wai ya zo ranar Litinin da takardunsa. Mun aika Bida an faɗi rasuwarsa, mun aika Katsina an faɗa, an yi sanarwa a masallaci. Wuri ɗaya ne ban san ƙofarsa ba, balle in aika.

Rabi 'yar maƙwabtanmu ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta rage mini laifi, in kuka ya tsayar da ni ta jira. Ku 'ya'yana nake yi wa wannan, musamman kai Ɗanjuma, babbansu, da ka shekara uku ba ka taka gidan ƙanwarka Hajara ba, kana cewa ita ta kashe ubanku da kwamfuta. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke hukunci.

Mahaifinku Banufe ne daga Bida, ni kuwa ubana Bakatsine ne da fataucin shanu ya kawo shi Minna ya zauna. Kun san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa, to a kansa muka yi zaman aurenmu tun daga farko har ƙarshe. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bakatsiniya. In ya ga ina tsallake kwata a ƙofar gida, sai ya ce a kawo mini kwalekwale kada kogi ya tafi da ni. Ni kuma in ce, bawan gidanmu, bar surutu ka ɗauko mini itace. Amma sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, a gabansa ko a bayansa, kuma ba zai fita yau ba. Malam nake cewa. Mutanen gari kuwa Baba Mai Famfo suke ce masa, domin shekara talatin da biyar ya yi yana aikin ruwa, yawancinsu a wajen injinan dam ɗin Tagwai. Yakan dafa sukundireba a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotar, ya gaya maka abin da ke damun injin kamar mai gwada marar lafiya. In ya tashi daga aiki, ƙauyukan gefen dam ba su barinsa ya wuce sai ya duba musu famfo, bai kuma taɓa karɓar abin da ya wuce doya biyu ko kifi a leda ba. To ku riƙe wannan: macen da kunya ta hana faɗin sunan mijinta a tsakar gida, ita ce ta fitar da sunan kasuwa.

Da ya yi ritaya, sai na ga mutum yana narkewa a gabana kamar sabulu a ruwa. Ba yunwa ba ce, ina ƙuli-ƙulina da man gyaɗa, sana'ar da mahaifiyarsa ta koya mini, kuma a unguwarmu Fadikpe duk an san hannuna. Zaman ne ke cin sa. Yakan dawo daga sallar asuba ya sa rigar aiki, ya ɗaura agogo, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tuna babu inda za shi. Famfon gidanmu lafiyarsa lau, amma sau uku ya kwance shi a wata guda. Wasan ma ya ragu. Ranar da na tsallake kwata ya dube ni bai ce komai ba, ranar na tsorata. Na ce masa ya je wajen masu haƙa rijiyoyin burtsatse ya nemi aiki, ai suna buƙatar irinsa.

"Aiki ya san gidana," in ji shi. "Ban yi yawo da takarda ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba."

Takardun nan da yake faɗa, a cikin wani faffaɗan gwangwanin biskit suke, a ƙarƙashin gado. Takardar gwajin sana'a, takardun yabo, takardar sallama, da hotunansa ƙanana. Yana da al'ada a kansu. Duk shekara in damina ta ɗauke, sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya shimfiɗa tabarma a rana, ya jera su ɗaya bayan ɗaya su sha iska, ya ɗora wa kowace ɗan dutse. Ba wanda ke taɓawa. Kai Ɗanjuma ka sha rankwashi a kansu kana yaro, ka san ba ƙarya nake yi ba.

A shekarar Hajara ta gama karatunta tana neman aiki. Ita ta ba ni labarin cewa yanzu ba a yawo ofis-ofis. Akwai wani wuri a intanet, kamar allon da ake manna sanarwa, inda mai neman aiki ke sa takardar da aka jera tarihin aikinsa, wadda suke kira si-bi, masu kamfani su duba su kira wanda ya yi musu. Ta sa tata, tana jira. Ina jin haka zuciyata ta ce ga hanya: Malam ba zai yi yawo da takarda ba, aiki zai zo gidansa kamar yadda ya ce. Na ce ta sa tasa.

"Inna, a tambaye shi tukuna."

"Zai ƙi."

"To in ya ƙi ai shi ke nan, takardarsa ce."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni? Kina kallon ubanki yana ƙarewa a gindin mangwaro."

Ranar wata Juma'a ce, farkon damina. Malam yakan tafi babban masallaci da wuri, in an sauko ya tsaya hira da tsofaffin abokan aikinsa. Ina tsakiyar matsar mai ya fita. Na goge hannu a zani, na shiga na jawo gwangwanin, na buɗe na ɗaga takardun in tabbata su ne, na sa a kwando na rufe da mayafi. Muka hau acaɓa zuwa Sabon Gari, shagon wani Ibo mai fara'a da ake kira Oga Chidi. Janareta na ruri, samari da 'yan mata sun cika benci, kowa da ambulan a hannu, kowa fuskarsa irin ta mai jiran layin asibiti. Hajara ta zauna tana bugawa, tana kwafe abin da ke takardun: sunansa, shekarunsa, unguwarmu, lambar wayarsa, duk injin da ya taɓa riƙewa. Aka ɗauki hoton takardun da na fuskarsa aka sa. Can ƙarshe sai ga wani rubutu ƙanana-ƙanana kamar tururuwa, mai tsawo, da wani ɗan gurbi a ƙasa. Hajara ta matsa kusa da gilashin kwamfutar ta fara karantawa a hankali. Na tambayi Oga Chidi mene ne wannan.

"Mama, wannan wuri kowa yana danna," ya ce. "Yana nufin ka yarda. In ba ka danna ba, ƙofa ba ya buɗe."

"Na yarda da me?"

Ya yi dariya. "Ni kaina shekara huɗu ina nan, ban taɓa karanta shi ba."

Hajara ta ce, "Inna, bari in gama karantawa, akwai inda suke maganar ba wasu takardar."

Na dubi inuwa a ƙofar shago, na ga an kusa saukowa daga masallaci.

"Danna," na ce mata. "Danna mu tafi."

Rabi, ki rubuta wannan wurin da kyau. Yarinya ta ce bari ta karanta, ni na hana ta. Yatsarta ce ta danna, amma bakina ne ya yarda.

Na mayar da gwangwanin kafin ya dawo. Aka yi ta damina, aiki bai zo ba. Abin da ya riƙa zuwa saƙonni ne a waya, wannan ya ce ya biya kuɗin fom, wancan ya ce ya zo wani otal a gwada shi. Malam yakan karanta ya yi dariya ya ce aljanu ma sun ji ya yi ritaya, ko wa ya ba su lambarsa? Ni kuwa in sunkuyar da kai cikin kasko. Da damina ta ɗauke ya yi shanyarsa yadda ya saba. Ina madafa ina leƙensa. Ya ɗaga takardar gwajin sana'ar ya daɗe yana kallonta a hasken rana, sannan ya juyo wajen madafa.

"Bakatsiniya, yau babu ƙulin ɗanɗano ne?"

Na kai masa. Ya tattara takardunsa ya rufe. Na ce a raina na tsira.

Ana gab da shiga bazara, da hantsi, ina suya, aka yi sallama. Mai Unguwar wani ƙauyen Gwarawa ne da ke bayan Tagwai, tsoho mai sanda, da mutum biyu a bayansa. Na san shi, ya sha kawo mana doya. Malam ya shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, na kai ruwa a kwanon sha. Tsohon ya dubi kwanon ya ture shi gefe da bayan hannu. A gidan Baba Mai Famfo, baƙo ya ƙi shan ruwa. Sai ya zaro wasu takardu daga aljihu ya miƙa.

"Baba, wannan ba fuskarka ba ne?"

Malam ya sa tabarau. Na ga hannunsa ya tsaya cak.

"Fuskata ce."

"To. Wata ƙungiya ya ce zai yi mana rijiya da tanki. Masu kwangila uku ya zo. An ce mu ma mu sa baki. Ɗaya ya nuna mana wannan takarda, ya ce kai ne babban mai aikinsa. Na ce wa mutanena, in Baba Mai Famfo yana ciki, ku rufe ido. Da ba mu gan ka wajen aiki ba, ya ce kana duba daga ofis. Ruwa ya zo sati uku. Ya koma ja. Ya tsaya. Tsohuwar rijiya mun bar shi ya rufta, don mun ce mun huta. Yanzu matanmu ya koma ɗauko ruwa a kafaɗa daga bakin dam, yara yana gudawa. Ban zo faɗa ba. Na zo in ga idonka."

Malam ya rantse masa da Allah bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Tsohon ya dube shi ya daɗe.

"Na ji. Amma takarda bai da ƙafa, Baba. Wani ya kai shi."

Suka tashi suka tafi, ruwan na nan inda aka ture shi.

Malam ya sa aka kira kowa. Kai Ɗanjuma ka baro garejinka ka zo da baƙin mai a hannu. Ya ajiye takardun a tabarma, ya tambaya cikin sanyin murya wa ya fitar da abin da ke cikin gwangwaninsa. Ina tsaye da matsami a hannu, mai na ɗiga a ƙafata ban ji ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Kafin in motsa shi sai na ji muryar Hajara.

"Ni ce, Baba. Na so in samo maka aiki."

Ka tuna abin da ka ce mata, ba sai na maimaita ba. Ka ce bokonta ya zama annoba, ka ce ta sayar da mutuncin gida a shagon Ibo. Tana kuka ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, don kada idonta ya tona ni. Malam ya ɗaga maka hannu ka yi shiru. Sai ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, kamar mai jiran a kawo masa wani abu. Da bai ga komai ba sai ya ce, "To," ya cire tabarau.

Washegari Hajara ta nemo lambar masu allon nan na intanet, a Legas suke. Wata yarinya ce ta ɗauka, muryarta ƙarama. Malam ya karɓi wayar ya yi mata Turanci, Hajara na fassara mini a gefe. Ya gaya mata duk abin da ya faru. Ta ce ta duba, takardarsa na nan, za ta cire yanzu. Ta ce amma a cikin rubutun da aka yarda da shi, an faɗa cewa duk kamfanin da ya yi rajista da su yana iya dubawa ya kwafi takardar kowa. Ya ce kamfani nawa suka kwafi tasa? Ta ce ba ta da ikon faɗa. Ya ce za a iya karɓo ta daga hannunsu? Ta ce babu hanya. Ya ce kafin su ba mutum, suna tambayarsa me zai yi da ita?

"'Yata," in ji Malam, "in na kai wa tela yadi ya ɗinka mini riga, na yarda ya auna, na yarda ya yanka. Amma in na je biki na tarar da wani sanye da rigata yana cewa shi ne ni, tela ba zai ce mini ai na yarda ba."

Yarinyar ta yi ta ba shi haƙuri. Ta ce ita ma mahaifinta ya yi ritaya, kuma ita ta sa masa tasa takardar a wurin. Malam ya ce mata ta je ta cire ta ubanta tukuna, sannan ta cire tasa. Ya ce kada ta damu, ba ita ta gina shagon ba, tsaronsa aka ba ta.

Ni ban ce mutanen nan ɓarayi ba ne. Ta wannan allon Hajara ta sami aikin da take ci da 'ya'yanta yau, kuma na ga yaran da ke benci a shagon Oga Chidi, ba su da kawu a ofis, ba su da kowa sai wannan ƙofar. Wanda ya buɗe musu ita ya yi abin kirki. Amma ni mai aikin gyaɗa ce, na san ajiya. In mace ta kawo mini gyaɗarta in matse mata, man nata ne, ƙulin nata ne, har ɓawon sai ta ce in zuba wa akuya. In ina son wani abu a ciki, da baki nake tambaya, da harshen da take ji, a lokacin da za ta iya cewa a'a. Wanda ya tambayi mai neman aiki da rubutu irin tururuwa, ya kuma ce in bai yarda ba ƙofa ba za ta buɗe ba, bai tambaye shi ba. Kuma takardar nan ba gyaɗa ba ce. Shekara talatin da biyar ce ta mutum, da fuskarsa a manne. Ya kamata mai riƙon irinta ya san hannun da yake miƙa wa, ya kuma gaya wa mai ita. Wannan nasu ne. Nawa kuwa ya fi nasu muni, don su ba su san shi ba, ni na san shi, na kuma san zai ƙi.

An nemi ɗan kwangilar, aka tarar da shagon da ya kama haya a rufe, wani na sayar da katifa a ciki. Kai ka ce a je kotu, a je gidan rediyo. Wani maƙwabcinmu da ya san shari'a ya raka Malam ya yi takardar rantsuwa cewa ba shi da hannu, aka kai wa ƙungiyar, suka karɓa suka ba shi haƙuri. Muka ce magana ta ƙare. Kwana biyu bayan haka na fito da safe na tarar ya sa rigar aiki, yana goge sifanoninsa da tsumma. Likita ya riga ya gaya masa tun shekara guda kafin nan cewa zuciyarsa ba ta son wahala, kada ya ɗaga abu mai nauyi, kada ya daɗe a rana.

"Ina za ka?"

"Ƙauye."

"Ba ka yi rantsuwa ba? Ba an wanke ka ba?"

"An wanke ni a wajen masu karatu. Matan da ke ɗauko ruwa a kafaɗa ba sa shan takardar rantsuwa."

"Ba kai ka ɓata ba, Malam."

"Ba ni na ɓata ba. Amma da ba su ga fuskata ba, da sun buɗe ido. Da sunana aka rufe musu ido, to da hannuna zan buɗe musu famfo."

Na riƙe masa jakar kayan aiki ina kuka. A nan ma na so in faɗa. Na ce a raina in na faɗa yanzu, zai tafi da ɓacin raina a kan ciwonsa, bari ya dawo. Haka shaiɗan ke yi wa mai laifi, kullum ya ba shi gobe. Malam ya zare jakar daga hannuna a hankali.

"Bakatsiniya, saki. Ke da ba ki taɓa ganin ruwa ba sai a bokiti, me kika sani a aikin ruwa?"

Rabona da jin wasan nan daga bakinsa har na manta. Fuskarsa ta dawo irin ta da. Abin da na so ke nan tun farko, in ga ya sa rigar aiki yana da inda za shi. Allah ya ba ni abin da na roƙa, ta hanyar da ban roƙa ba.

Sati bakwai yana zuwa, a zafin bazarar Minna da ko ƙadangare ke neman inuwa. Tsofaffin abokan aikinsa biyu suka bi shi, mazan ƙauyen suka ba da ƙarfi. Suka zaro bututun ɗaya bayan ɗaya, suka tarar injin da aka zura tsoho ne aka shafa masa fenti. Suka wanke rijiyar har ruwan ya washe. Malam ya ce ba zai sa musu abin da sai da janareta ba. Ya bi ƙauyuka yana roƙon gawarwakin famfon tuƙa-tuƙa da aka yasar, ya haɗa guda ɗaya mai rai daga cikin huɗu. Ya zaɓi mata biyu ya koya musu kwancewa da canza roba, ya ce maza na tafiya ci-rani, mata ne ke zama da ruwa. Kullum ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, in gasa masa da ruwan zafi, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse. Hajara ta durƙusa ta roƙe shi ya bari. Kai ma ka roƙe shi. Ya ce saura kaɗan.

Ranar da ruwa ya zo ya ce in bi shi. Na ga tankin ɗan kwangila a sama, fanko, tsuntsaye sun yi sheƙa a gindinsa. Wata tsohuwa ta kama hannun famfon ta tuƙa, ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa fari tas. Mata suka yi guɗa irin tasu. Mai Unguwa ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya zo ya tsaya gaban Malam, sai ya cire hularsa. Daga baya, ranar da ya zo mana gaisuwar rasuwa, kafin ya zauna ya ce in kawo masa ruwa a kwanon nan na ranar, ya shanye duka.

Kwana tara bayan zuwan ruwa Malam ya faɗi a bakin famfon gidanmu yana alwala. Aka kwantar da shi asibiti sati biyu, sannan likita ya ce mu koma gida, mu riƙa ba shi abin da yake so. Mun gane. Ranar ƙarshe an yi ruwan farko, gari ya waye da ƙanshin ƙasa. Da hantsi kun fita, kai ka tafi sayo magani, Hajara na wanki a bayan ɗaki. Ya ce in jawo masa gwangwanin. Na ce bari in wanke hannu. Sai ya yi dariya, dariyar da ta sa shi tari har na tallafe shi. Ya ce in kawo haka nan. Ya buɗe da kansa, ya zaro takardar gwajin sana'ar, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya nuna mini kusurwarta ta ƙasa. Ban iya karatu ba, amma wannan na karanta shi. Tabon babban yatsa ne na man gyaɗa, ya ratsa takardar har haske na wucewa ta ciki. Hajara ba ta taɓa matsar mai ba tun da ta shiga makaranta. Hannu ɗaya ne a gidan nan ke barin wannan tabo.

Ya yi mini magana, gajeriya. Bayanta bai ƙara ce mini komai ba, sai salati da kalmar shahada, har Allah ya karɓi abinsa kafin azahar.

Abin da ya ce in yi, ban yi ba. Ranar sadakar uku na ja Hajara ɗaki na ce zan faɗa, ta riƙe ƙafata ta ce, "Inna, bar shi. In Yaya ya yi fushi da ni, ina da gidan miji. In ya yi fushi da ke, a hannun wa za ki zauna?" Na karɓi wannan rance na yarinya na ɓuya a bayansa shekara uku. Na ci abincinka, Ɗanjuma, na sa suturar da ka ɗinka mini, ina ji kana tsallake sunanta in kana lissafa 'yan'uwanka. An yi sunan ɗanta, wanda aka mayar wa sunan ubanku, ba ka je ba, ina kallo na yi shiru. Yanzu idona ya fara duhu, ƙafata ba ta kai ni kasuwa, ban san ko zan ga wata damina ba, kuma ba na son in tarar da shi da saƙonsa a hannuna ban isar ba. Takardar na nan a gwangwani, ka zo ka ɗaga ta a rana ka gani da idonka. In fushi za ka yi, ga mai shi nan zaune a ɗakin da ka gina mata. Waɗanda suka kwafi sunan ubanku ban san su ba, ban san ko yau ma wani na nuna fuskarsa a wani ƙauye ba, wannan ya fi ƙarfina. Abin da ke hannuna ke nan, na ajiye.

Ga abin da ya ce, yana riƙe da takardar da hannu ɗaya, ɗayan a kan nawa:

"Bakatsiniya, in za ki ƙara sata ki wanke hannu. Tun ranar shanya na gani, na zauna jiran ki faɗa da bakinki. Aiki kika nemo mini, kuma na samu, na yafe miki duniya da lahira. Amma ki sauke wa yarinyar nan kayan da ba nata ba. Ki gaya wa Ɗanjuma."